Gizo Da Ƙoƙi A Bakin Kwarashi

Garin Ɗanzomo yana cikin ƙaramar hukumar Sule Tankarkar, ɗaya daga cikin huɗun da suka haɗu suka yi masarautar Gumel, watau ita da Gumel da Maigatari da Gagarawa. A nan, kamar sauran ƙasar Hausa, idan aka yi girbi kara ya samu, yara ba su rasa abin wasa. Maza su kan ƙera mota, 'yan mata kuwa su haɗa 'yar tsana, su ɗaura mata tsumma, har su yi mata biki. Yanzu 'yar tsanar roba ta kanti tana neman ture ta gida, waya da talabijin kuma suna neman cinye lokacin tatsuniya. Saboda haka muka ga ya kyautu mu nuna wa malaman makaranta da akawunan hukuma wata dabara mai araha, wadda za ta riƙe abubuwan nan biyu tare, watau saƙa Gizo da matarsa Ƙoƙi da ulu da kwarashi.

Asalin sana'ar

Kalmar kwarashi baƙuwa ce. Tushenta Faransanci ne, ma'anarta kuwa ƙaramar ƙugiya. Sana'ar ta bunƙasa a Turai cikin ƙarni na 19, har ta ceci gidaje da yawa a ƙasar Ailan sa'ad da aka yi babbar yunwa daga 1845, domin mata sun riƙa saƙa suna sayarwa su sayi abinci. Mutanen Japan kuwa su ne suka shahara da saƙa 'yan dabbobi da 'yan mutane a cusa musu auduga, suna kiran abin amigurumi, ya kuma bazu cikin duniya bayan shekara ta 2000. Matanmu sun daɗe da iya kwarashi, ga hular jarirai da safa da rigar sanyi da su kan saƙa in hunturu ya gabato. Wadda ta iya hular jariri ta riga ta ci rabin aikin.

Gizo kuwa ba ya bukatar gabatarwa. Wayonsa da kwaɗayinsa da tsamin bakinsa sun cika Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, wanda Frank Edgar ya buga kashi uku tsakanin 1911 da 1913, da kuma Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya.

Watakila wani zai tambaya hukuncin yin siffa. Ya tabbata cikin Bukhari da Muslim cewa Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, ta yi wasa da 'yan tsana a gidan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da wannan ne malamai da yawa suka keɓe abin wasan yara daga hani. Wanda ya so ƙarin bayani sai ya nemi malamin garinsu.

Dunƙule shi ne tushe

Tsarin asali guda ne, watau dunƙule mai kamar lemo. A yi ɗan zobe da zare, a saƙa gajeren ƙulli 6 a cikinsa, a ja bakin zaren zoben ya tsuke. A zagaye na biyu a sa ƙulli biyu cikin kowane ɗaya, su zama 12. Daga nan a riƙa ƙara 6 a kowane zagaye, a rarraba su daidai: 18, 24, 30, 36. In faɗin ya isa sai a daina ƙari, a yi zagaye 6 a kan 36, saƙar za ta tashi kamar ƙoƙo. Sa'an nan a shiga ragi, ana haɗa ƙulli biyu su zama ɗaya har sau 6 a kowane zagaye: 30, 24, 18, 12. A nan ne za a cusa auduga ta cika tam, a rage zuwa 6, a rufe da allura.

Malamin lissafi zai so sanin dalilin shida ɗin nan. Kewayen da'ira ya ninka faɗinta sau uku da ɗan ɗoriya. Kowane sabon zagaye yana ƙara wa faɗin tsawon ƙulli biyu, ɗaya ta wannan gefe ɗaya ta wancan, gajeren ƙulli kuwa tsawonsa da faɗinsa kusan ɗaya ne. Uku sau biyu shida ke nan. In aka ƙara ƙasa da haka saƙar ta lanƙwashe, in aka zarce ta tattare. Yarinyar da ta saƙa dunƙule biyu ba za ta sāke mance jadawalin shida ba.

Yadda za a juya shi

Gizo dunƙule biyu ne. Babban, mai ƙulli 36, shi ne ciki, ya kuwa dace da mai haɗama. Ƙaramin shi ne kai: a tsaya a 24, a yi zagaye 4 ba ƙari, a rage zuwa 18 da 12, a cusa auduga, a rufe. A ɗinke su tare da baƙin ulu ko ruwan ƙasa. Ƙafafu takwas ne, kowace a yi sarƙa 15, a komo ta kanta da gajeren ƙulli don ta yi kauri, a ɗinka huɗu dama huɗu hagu kusa da mahaɗa. Amma Gizon tatsuniya ba na jikin bango ba ne, yana zuwa fada yana cin kasuwa, don haka a yi masa hula. Hular kuwa rabin dunƙule ce, a tsaya kafin ragi. A karkata masa baki gefe guda, yara za su gane mai dabara ne.

Ƙoƙi siririya ce, sai a ɗauki koren ulu, a tsaya a 12, a yi ta zagaye har 15 ba ƙari, dunƙule ya zama gora. Ƙafafunta shida, na gaban su fi tsawo, a naɗe su kamar mai roƙo, a ɗaura mata kallabi da ƙyallen atamfa. Wanda ya gane wannan zai fitar da Kura, ya tsawaita ƙafafun gaba ya yi mata dabbare-dabbare, ko Zomo da dogayen kunnuwa.

Gargaɗi

A zaɓi kwarashi siriri, kamar mai milimita 3, a kuma tsuke saƙa don kada auduga ta leƙo. A ɗaura zare mai wani launi a farkon zagaye, gama ɓatan ƙidaya shi ke karkata kai. Idanu a ɗinka su da zare, kada a sa maɓalli ko dutsen ado, kada kuma a zura ƙarfe cikin ƙafafu, domin jariri kome ya samu baki ya ke kai wa. Yawancin ulun kasuwa na roba ne, yana narkewa, sai a nisanta shi da murhu.

Kira ga malamai

Malamar da ta shiga aji da Gizo a hannun dama da Ƙoƙi a hagu ba ta bukatar bulala kafin a yi shiru. In ta gama labari sai ta miƙa su ga yara biyu su maimaita da bakinsu, mai kunya ma ya kan sami murya in ya fake bayan Gizo. Muna fata Kwalejin Ilmi ta Gumel za ta dubi wannan wajen horon malamai, akawunan sashen ilmi kuma su tuna da ulu da kwarashi in ana rubuta kayan makaranta. Ban da haka, ga kasuwar Maigatari tana ci kowace Alhamis, ana zuwa har daga Jamhuriyar Nijar, inda yara suka san Gizo kamar namu. Yarinyar da ta iya wannan a Ɗanzomo ta sami abin sayen littafi da alƙalami, iyayenta kuma sun sami dalilin barinta a makaranta. Allah shi sa albarka.