Harsunan da Suka Ƙi Mutuwa

A shekarar 1960 wani ma'aikacin kamfanin RCA mai suna Howard Bromberg ya sayi dutsen kabari irin wanda Turawa ke kafa wa mamatansu, ya sa aka sassaƙa masa suna guda: COBOL. Ya aika da shi ofishin Charles Phillips a Ma'aikatar Tsaron Amurka, wanda ke jagorantar aikin samar da wannan sabon harshe na kwamfuta. Bromberg na cikin kwamitin da ke tsara harshen, gardama da jan ƙafa sun ishe shi, har ya yanke ƙauna. Yau dutsen yana ajiye a gidan tarihin kwamfuta da ke Kalifoniya. Shi kuwa wanda aka yi wa ta'aziyyar, a watan Afrilun 2020, lokacin da annobar korona ta raba ɗimbin jama'a da ayyukansu, sai ga gwamnan jihar New Jersey, Phil Murphy, yana cigiyar waɗanda suka iya COBOL, domin manhajar da ke biyan marasa aiki kuɗin tallafi ta haura shekara 40, kuma masu nema sun fi ƙarfinta.

Kwamfuta ba ta jin komai sai sifili da ɗaya. Harshen kwamfuta hanya ce da mutum zai rubuta umarni yadda zai iya karantawa, sannan wata manhaja, wadda za mu kira tafinta, ta mayar da shi abin da na'ura ke ganewa. Irin waɗannan harsuna sun kai ɗaruruwa, kowanne da mabiyansa, kuma tsakanin mabiyan akwai tsokana mai daɗaɗɗen tarihi. Ta fi kama da wasan Kanawa da Zazzagawa: a gaya wa juna magana mai zafi, a yi dariya, gobe a haɗu a wurin aiki ɗaya, kuma baƙon da bai san asalin wasan ba zai zaci gaba ce. Abin da ya sa nake ganin barkwancin nan ya cancanci a tsaya a kansa shi ne, kusan kowanne in ka tone shi sai ka tarar da wata takura ta gaske da na'urar wancan zamani ta ɗora wa mutane.

Mu fara da dattijon gidan, Fortran. John Backus da abokan aikinsa a IBM suka fito da shi a 1957 domin na'urar IBM 704. Backus ya taɓa cewa lalaci ne ya kai shi ga aikin, don ba ya son wahalar rubuta umarni da lambobin na'ura. A lokacin babu allon da za ka buga ka gani. Kowane layi na manhaja kati ne guda mai gurbi 80, ana huda shi da wata na'ura mai kama da tafireta. Gurbi 5 na farko na lambar layi ne, na 6 alama ce cewa wannan kati ci gaban na baya ne, daga na 7 zuwa na 72 nan umarni yake, ragowar 8 ɗin kuma tafinta ba ya ko kallonsu. A nan ake huda lambar jeri, saboda ranar da mutum zai yi tuntuɓe da kwali mai kati dubu biyu a hannu. Wanda ya yi ƙiwar huda lambar sai ya ja layi a karkace da alƙalami a gefen tulin katunan, in sun watse ya bi layin ya jera su. Katin ya daɗe da ɓacewa, amma dokar gurbi 72 ta zauna cikin harshen har sai da Fortran 90 ya sassauta ta. Ɗalibi zai buga dogon layi a allon zamani, ƙarshensa ya zarce gurbin, tafinta ya yanke shi ba ko sallama, a kwana ana neman inda lissafi ya karkace.

Akwai wadda ta fi wannan. Tsohon Fortran bai damu da tazarar da ke tsakanin kalmomi ba. In ka rubuta DO 10 I = 1,10 ka ce wa na'ura ta maimaita wani aiki sau 10. In yatsa ya zame ka sa ɗigo a madadin waƙafi, ya zama DO 10 I = 1.10, sai tafinta ya haɗe haruffan ya ɗauka ka ƙirƙiro wani sabon ma'aji ne mai suna DO10I, ka zuba masa 1.10. Ba zai yi ƙorafi ba, domin a dokarsa duk sunan da ya gani sabo sai ya karɓe shi: in ya fara da harafi daga I zuwa N cikakkiyar lamba ce, in ba haka ba lamba ce mai gutsure. Masu ba da labari sukan ce wannan ɗigon ne ya hallaka kumbon Mariner 1 a 1962. Labarin ya yi daɗi har ya wuce gona da iri, don kuskuren da aka danganta da wancan kumbo wata 'yar alama ce da aka tsallake wajen kwafe lissafin da aka rubuta da hannu. Amma tarkon na gaske ne, kuma shi ya sa malaman Fortran na yau suke tilasta wa ɗalibi ya buɗe aikinsa da IMPLICIT NONE, wato kada tafinta ya karɓi sunan da ba a gabatar masa ba. Duk da wannan hali, har gobe manyan manhajojin hasashen yanayi da Fortran aka rubuta su, kuma matashin da ke lissafi da Python yana yi wa tsohon dariya, sau da yawa tarin lissafin LAPACK ne ke yi masa aikin a ƙarƙashi, shi ma Fortran ne.

Sarkin baƙar magana a wannan fage shi ne Edsger Dijkstra, masani ɗan ƙasar Holan. A 1968 ya rubuta wata gajeriyar wasiƙa yana sukar umarnin GO TO, wanda ke sa manhaja ta yi tsalle daga wannan layi zuwa wancan har mai karatu ya rasa ina aka dosa. A 1975 ya ƙara da cewa COBOL yana gurgunta tunani, don haka koyar da shi ya kamata a ɗauke shi laifi, su kuma ɗaliban da suka fara da BASIC sun lalace ba gyara. A kan GO TO ya yi gaskiya, kuma duniya ta bi shi. A kan BASIC kuwa ina ganin ya yi zalunci. John Kemeny da Thomas Kurtz sun ƙirƙiro shi a kwalejin Dartmouth a 1964 domin ɗalibin da ba lissafi yake karanta ba ya iya taɓa kwamfuta, kuma ya cika wannan buri fiye da yadda suka zata. Kayan farko da Microsoft ya sayar a 1975 BASIC ne. A Najeriya ma da shi aka daɗe ana buɗe wa ɗaliban sakandare da na kwalejojin kimiyya ido, wasu a takarda kawai suke rubuta 10, 20, 30 a farkon layuka ba tare da sun ga na'ura ta gudanar da aikin ba. Tsallaken goma-goman nan dabara ce: in ka manta wani umarni sai ka cusa shi a layi na 15 ba sai ka sake lambobin duka ba.

Wasu ba su tsaya ga baki ba, sai da suka gina harshe sukutum don shaƙiyanci. A 1972 ɗalibai biyu a jami'ar Princeton, Don Woods da James Lyon, suka fito da INTERCAL, wanda aka tsara shi da gangan ya saɓa wa duk wani harshe da ake da shi. A cikinsa akwai kalmar PLEASE, wato don Allah. In ba ka sa ta da yawa ba, tafinta ya ƙi aikin, ya ce ba ka da ladabi. In ka cika ta, ya ƙi, ya ce ladabin ya yi yawa. Duk wanda ya taɓa ɓata yini yana lallashin tafinta a kan waƙafi guda ya san da wa ake.

Lisp, wanda John McCarthy ya fara a MIT a 1958, da bakan rubutu ake tsokanarsa, domin komai a cikinsa sai an buɗe baka an rufe. Ana ba da labarin ɗan leƙen asirin da ya sato shafin ƙarshe na wata manhajar sirri, da aka duba sai aka ga bakunan rufewa ne zalla daga sama har ƙasa. Masu shi ba sa jin haushi, don sun san daga gidansu aka ɗebo dabarar da ke sa manhaja ta share ma'adanarta da kanta, wadda Java da Python da JavaScript duk suke taƙama da ita yanzu.

Mu koma kan COBOL, wanda ya fi kowa shan duka. Laifinsa na farko surutu. Waɗanda suka tsara shi a 1959, suna bin sawun aikin da Grace Hopper ta yi a harshen FLOW-MATIC, sun so manaja da akanta su iya karanta manhaja kamar wasiƙar ofis. Abin da wani harshe zai faɗa da alama uku, shi sai ya yi jimla cikakkiya da Ingilishi. Da aka yi wa harshen C ƙari aka kira sabon C++, wato C da aka ƙara wa ɗaya, sai 'yan tsokana suka ce in aka yi wa COBOL irin wannan ƙari sunansa zai zama ADD 1 TO COBOL GIVING COBOL. Sai dai ga abin da ba a cika faɗa ba. Buɗe Python ko JavaScript ka tara 0.1 da 0.2, amsar da za ka gani ita ce 0.30000000000000004, saboda yadda na'ura ke ajiye gutsuren lamba da sifili da ɗaya ba ya iya riƙe kashi ɗaya cikin goma daidai. Ga injiniya wannan ba komai ba ne. Ga banki mai asusu miliyoyi, kwabo ne ke ɓacewa ko ya tsiro daga babu. COBOL tun asali da lissafin goma-goma yake aiki: ka gaya masa lamba 7 kafin ɗigo, 2 bayansa, haka zai riƙe ta. Harsunan zamani ma suna iya haka, amma sai mai rubutu ya tuna ya nema. Wannan, tare da tsoron taɓa abin da ke aiki, shi ya sa bankuna da kamfanonin inshora da ofisoshin haraji suka ƙi sakinsa. Bankin Commonwealth na Ostireliya da ya ƙudura sauya tsohon tsarinsa, sai da aikin ya ci kimanin shekara 5. Wahalar ba ta karanta harshen ba ce, mai hankali zai koye shi cikin 'yan makonni. Wahalar ita ce dokokin aiki na shekara da shekaru da aka binne a cikin manhajar, waɗanda suka rubuta su sun yi ritaya ko sun rasu, kuma ba a ajiye bayani ba.

Matsalar shekarar 2000 ma daga katin nan mai gurbi 80 ta samo tushe. Wanda ke da gurbi 80 kacal ba zai ɓarnatar da 2 wajen rubuta 19 a gaban kowace shekara ba, sai ya rubuta 65 a madadin 1965, yana ganin kafin ƙarni ya juya an daɗe da jefar da aikinsa. Ba a jefar ba. Ma'aikatar Kasuwancin Amurka ta ƙiyasta cewa gyaran ya ci ƙasar kusan dala biliyan 100. Da ranar ta zo ba abin da ya rushe, sai jama'a suka ce dama ƙarya ce, alhali aikin da aka yi ne ya hana. Abin dariyar da ya rage shi ne shafukan intanet da suka wayi gari suna nuna shekarar 19100, kuma waɗannan ba da COBOL aka rubuta su ba, da sababbin harsuna ne. Daga nan aka samu labarin wani gwanin COBOL da ya gaji da kiraye-kirayen gyara, ya sa aka daskarar da shi a ƙanƙara har rikicin ya wuce. Da ya farka sai ya ga mutane cikin baƙuwar shiga sun kewaye shi suna murna. Suka ce masa ana cikin shekarar 9999 ne, kuma takardunsa sun nuna ya iya COBOL.

Inda dariya ke ɗaukewa shi ne wajen C. Dennis Ritchie ya gina shi a ɗakunan binciken Bell a farkon shekarun 1970, ƙarami, mai sauri, kuma mai yarda da duk abin da mai rubutu ya ce. In ka ware gurbi 10 ka zuba abu 20, ba zai hana ka ba, ragowar za su malala kan abin da ke maƙwabtaka. Bjarne Stroustrup, wanda ya ƙirƙiro C++, ya ce da C harbin ƙafarka abu ne mai sauƙi, da nasa harshen ya fi wuya, amma ranar da ka yi ƙafar gaba ɗaya za ta tafi. Ta irin wannan kafa wata muguwar manhaja da ake kira tsutsar Morris ta bi ta durƙusar da dubban kwamfutoci a 1988. A 2019 Microsoft ya bayyana cewa kusan kashi 70 cikin 100 na ɓarakar tsaron da yake toshewa kowace shekara daga sakacin ma'adana suke. A nan masu sukar tsohon harshe suna da hujja mai ƙarfi, kuma shi ya sa ake ta tura sababbin ayyuka zuwa harsuna irin su Rust. Amma zuciyar Linux, wadda kowace wayar Android ke tafiya a kanta, mafi yawanta har yanzu C ce.

Kuma gidan C na da tasa ranar a gaba. Tsarin Unix, wanda da C aka rubuta shi, yana ƙirga lokaci ne da daƙiƙa tun daga 1 ga Janairun 1970, kuma tsofaffin na'urori suna ajiye ƙirgar a ma'ajin da ba ya wuce 2,147,483,647. Zai cika ranar 19 ga Janairun 2038, da ƙarfe 3:14 na dare agogon GMT, daga nan agogon ya koma Disambar 1901. Kwamfutoci da wayoyin zamani an faɗaɗa musu ma'ajin tuni. Waɗanda ake jin tsoro su ne ƙananan na'urorin da aka dasa cikin injinan masana'antu da mitoci da motoci, aka rufe aka manta, kuma wasu daga cikinsu za su kai wannan dare suna aiki.