Wa Zai Ka Da Wa? Kimiyyar Da Ke Cikin Musun Superman Da Hulk

Duk inda masoya finafinan jarumai suka taru, ba a jimawa musu ke ɓarkewa: tsakanin Superman da Hulk, wa zai ka da wa? Wannan musu ba a finafinai ya fara ba, domin a mujallun labarun zane na Amurka aka haife shi. Jerry Siegel da Joe Shuster ne suka fito da Superman a 1938, Stan Lee da Jack Kirby kuma suka kawo Hulk a 1962. A 1996 kamfanonin DC da Marvel suka haɗa jarumansu a fage guda, suka bar masu karatu su yanke hukuncin karawa biyar ta hanyar ƙuri'a. Superman ya yi galaba a kan Hulk, amma har yau magoya bayan Hulk ba su sallama ba.

Dalilin a fili yake: alƙalin wannan dambe shi ne mai riƙe da alƙalami. Stan Lee kansa ya faɗa cewa wanda marubuci ya so shi ke nasara. A 1967 Superman da Flash, jarumin gudu, sun yi tsere, aka tashi kunnen doki. A 1978 aka haɗa Superman da ɗan dambe Muhammad Ali a ƙarƙashin jar rana mai zare wa Superman ƙarfi, Ali ya lakaɗa masa duka. Ke nan mai neman hukunci na ƙarshe zai daɗe bai samu ba. Ribar musun tana wajen tambayar yadda ƙarfin yake aiki.

Ɗauki naushin Flash. Kuzarin abu mai tafiya yana hawa fiye da yadda gudunsa ke hawa: a ninka gudun sau biyu, kuzarin ya ninku sau huɗu, a ninka sau goma, ya ninku sau ɗari. Don haka siririn jarumi mai gudu zai iya fin ƙato zafin naushi. Sai dai dokar Isaac Newton ta uku, ta 1687, ta nuna cewa abin da ka doka yana mayar maka da ƙarfi daidai da wanda ka sauke masa. In ƙashin hannun Flash irin namu ne, shi zai fara rugurgujewa.

Girman jiki ma yana da tasa matsalar, kuma Galileo ya bayyana ta tun 1638. In aka ninka mutum sau goma ta kowace fuska, nauyinsa zai ninku sau dubu, amma ƙarfin ƙashinsa sau ɗari kacal. Shi ya sa ƙafar giwa take kamar turmi, ta barewa kuwa kamar kara. Jarumin da ya kumbura ya kai tsayin bene, ƙafafunsa za su karye kafin abokin gaba ya taɓa shi.

Misalin da ya fi taɓa zuciya ya zo a 1973, lokacin da Green Goblin, abokin gaban jarumi Spider-Man, ya jefo budurwar jarumin, Gwen Stacy, daga saman gada. Spider-Man ya cafko ƙafarta da zarensa, amma ta rasu. Masu karatu sun daɗe suna gardamar abin da ya kashe ta. Lissafi ya raba gardamar: wanda ya faɗo daga tsayin mita 90 gudunsa ya kai wajen kilomita 150 a awa, kuma tsayar da shi farat ɗaya ya isa ya karya masa wuya. James Kakalios, farfesan kimiyyar fiziks a Jami'ar Minnesota, ya yi amfani da wannan labari wajen koyarwa, ya kuma sa shi a littafinsa na 2005. Ilimin da ke ciki shi ne ya sa motoci ke da bel da jakar iska, don su tsawaita lokacin tsayawa, bugun ya yi sauƙi.

Saboda haka, iyaye da malamai, in kun tarar da yara na wannan musu, kada ku kore su. Ku tambaye su nauyin Hulk da gudun Flash, ku miƙa musu takarda da biro, ku ce su kawo hujja da lissafi.