Saniya mai tari a kara: shirun da ke cinye garke

A gundumar Faro da Dewo ta Kamaru, daga Tinyere zuwa Galim, Mayo Balewo da Konca, arzikin jama'a a kan ƙafa huɗu yake tafiya, kuma duk mai hulɗa da kasuwar shanu ya san wata ɗabi'a da ba a cika faɗinta a fili ba. Tari zai shiga garke. Kafin labari ya bazu, mai shanu zai ware waɗanda suka fara nuna alama, ya dirka musu allurar teramisin, ya jira kwana uku ko huɗu su ɗan farfaɗo, sannan ya kora su kara. Dillali ya gani ya kau da kai, domin la'adarsa tana ga faɗuwar ciniki. Mai saye ya buɗe baki ya duba haƙora, ya daki gadon baya, aka yi albarka sau biyu, aka sallama. Da yawa ba sa lissafa wannan cikin ƙarya, tunda ba wanda ya tambaya balle a musa. Ni kuwa ina ganin shirun nan ya fi ƙaryar baki ɓarna, kuma cikin waɗanda yake cuta har da mai shirun.

Dalili yana cikin halin cutar. Ciwon huhu na shanu ta numfashi yake yaɗuwa, daga saniya zuwa saniya, a duk inda aka cakuɗa su: mashaya, burtali, kara, cikin mota ko taragon jirgin ƙasan da ke ɗaukar shanu daga Ngaundere zuwa Yawunde. Wadda ta kamu sosai ba ta ɓuya. Za ka gan ta tsaye ta miƙe wuya, ta ware ƙafafun gaba, baya a gantsare, tana nishi, in an tashe ta daga kwance sai tari. Mahauci ma ya san hoton cikinta: huhu ya manne da haƙarƙari, ruwa rawaya ya cika ƙirji. Hatsarin yana ga wadda ta yi kamar ta warke. Allura tana kwantar da alamu, amma ƙwayar cutar tana iya ƙullewa a wani sashe na huhu ta zauna watanni, dabbar na kiwo tana ƙiba, tana kuma iya harbin na kusa da ita. Ga shi cutar kan ɗauki makonni, wani lokaci watanni, kafin ta bayyana a jikin wadda ta ɗauka. Mutumin da ya sayi karsana a Tinyere zai iya kai ta kiwo a kwarin Faro da rani, ta haɗu da garkunan da suka tsallako daga Najeriya, shanu su fara zubewa ba wanda ya san ta inda masifar ta shigo. Mutum ɗaya ne ya sani, kuma ya riga ya ƙirga sefarsa.

Wasu kan ce jahilci ne, makiyayi bai san cuta ba. Wannan raini ne, kuma bincike ya ƙaryata shi. A shekarar 2000 masana sun bi garke 147 a jihar Adamawa ta Kamaru, suna tambayar masu shanu ko boru, wato ciwon baki da kofato, ya taɓa garkensu, sannan suna ɗibar jini don gwaji. Sakamakon da aka buga a 2014 ya nuna da wuya boru ya ratsa garke makiyayi bai gane ba, ko da yake wani lokaci yakan kira wata cutar da sunan boru. Ke nan idon da ke fara ganin annoba yana ruga, tun kafin samfur ya isa ɗakin gwaji na LANAVET da ke Bokle kusa da Garwa. Sani yana nan. Abin da ke makalewa shi ne tafiyar labarin daga ruga zuwa ga arɗo, daga arɗo zuwa ga malamin dabbobi.

Dattawan ƙasar nan ba sa buƙatar a tuna musu bushiya. Annobar da ta shigo ta Eritiriya a 1887 ta ratsa nahiyar Afirka cikin shekaru kaɗan ta share mafi yawan shanun ƙasashen da ta taka. A 1962 aka fara gagarumin rigakafi a yankin Tafkin Cadi, da Kamaru da Najeriya da Nijar da Cadi a sahun gaba, har aka ɗauka an gama da ita. Ashe ta lafe a wasu lunguna na Mali da kudancin Sudan, inda sa ido ya yi rauni. Ta dawo a farkon shekarun 1980, ta iso arewacin Kamaru a 1983, shekarar da aka kafa LANAVET. A zagayen ƙarshe na yaƙin, likitoci sun koma zama da makiyaya a gabashin Afirka suna tambayarsu inda suka ga alamun cutar, kuma da bayanan nan aka gano wuraren da ta ɓuya. A 2011 aka bayyana cewa bushiya ta ƙare a duniya baki ɗaya. Allura ta yi aikinta, amma sai da aka nuna mata inda za ta.

Akwai uzurin da ya cancanci a saurare shi da kyau. Mai shanu ashirin zai ce: in na faɗa, farashi ya karye, maƙwabta su guje ni, ƙila a killace garken, kuma ba kasafai makiyayi ke ganin diyya ba, wa zai ciyar da iyalina? Tambaya ce mai nauyi, kuma wanda bai taɓa kwana da saniya mai nishi ba kada ya yi saurin yanke hukunci. Sai dai lissafin bai cika ba. Ciwon huhu ba ya kama mutum, don haka dabbar da aka bayyana halinta tana iya zuwa mayanka, likita ya duba, a zubar da huhun da ya lalace, a sayar da nama idan ya dace. Kuɗin ya ragu, amma bai zama babu ba. Wadda aka sayar a ɓoye don kiwo kuwa, sau da yawa ba ta yin nisa; garken da ta shiga a mashaya ɗaya zai sha ruwa da sauran shanun mai sayarwa baɗi, bayan an riga an yi asarar da za a iya tarewa. Ta fuskar addini ma ba a bar ƙofa ba: fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Tinyere da Garwa ya wajabta wa mai sayarwa bayyana aibin da ya sani, ya kuma ba mai saye ikon mayar da haja. Rashin tambaya ba ya halatta kuɗin.

Uzuri na biyu tsoron ƙidaya ne, gadon zamanin jangali, lokacin da faɗin adadin shanu ke nufin ƙarin haraji. Shi ya sa har yau in ma'aikatan rigakafi sun zo, wani yakan fito da rabin garke ya tura saura bayan dutse. Rabin nan da aka ɓoye shi ne gidan cutar. Amma a nan nauyin ba na makiyayi kaɗai ba ne. Duk ma'aikacin da ya mayar da rahoton cuta hanyar karɓar na goro, ko ya bari sunan wanda ya kawo labari ya zama abin zunɗe a kasuwa, ya rufe bakin ƙauye guda na shekaru. Ma'aikatar kiwo da lamiɓe, wato sarakunan yankin, da arɗaɗe su ne za su sa faɗin gaskiya ya yi araha, ta hanyar zuwa da wuri da rufa asirin mai magana.

Sai kuma a bambance rahoto da jita-jita, domin saƙon murya ɗaya a WhatsApp da ke cewa shanun gari kaza duk sun kamu yana iya kashe kasuwar mutanen da ba su ji ba su gani ba. Rahoto yana da adireshi: arɗo, sarkin shanu, ofishin dabbobi mafi kusa, da maƙwabtan da ake haɗa mashaya da su. Abin faɗi kuma shi ne abin da ido ya gani: dabbobi nawa, tun yaushe, wace alama, an sayo sabuwa kwanan nan ko an dawo daga mashekari, wace allura aka riga aka yi kuma yaushe, domin naman da magani bai fita daga cikinsa ba bai dace da ci ba. Mai saye shi ma ya tambaya a gaban shaidu, ya ware sabuwar dabba daga garke na wasu makonni. Idan kuwa dabba ta faɗi farat ɗaya jini na fita ta hanci ko dubura, kada a feɗe, kada a raba nama, kada a ja gawar zuwa rafi. Ciwon saifa ne ake zargi, shi kuwa yana kama mutum, kuma ƙwayarsa tana zama a ƙasa shekaru masu yawa. A tsare wurin, a aika a kira malamin dabbobi a ranar.