Madubin da ke kallon rana ido da ido ba tare da ya lanƙwashe ba

Duk wanda ya taɓa riƙe gilashin ƙara girman rubutu a saman takarda da tsakar rana ya san abin da ke biyo baya: hayaƙi, sannan wuta. To, ina ga madubin da faɗinsa ya haura mita 4, wanda aikinsa shi ne tattara hasken rana tun safe har yamma?

Wannan ita ce matsalar da injiniyoyi suka yi fama da ita wajen ƙera na'urar hangen rana ta Daniel K. Inouye, wadda ta fi kowace girma a duniya. Tana kan dutsen Haleakala mai tsayin kimanin mita 3,000, a jihar Hawai ta Amurka.

Gilashin da zafi ba ya motsa shi

Gilashin da muka saba gani yana buɗewa idan ya ɗumama, kuma ko ɗan kaɗan madubi ya sauya siffa, hoto ya dagule. Shi ya sa aka yi amfani da Zerodur na kamfanin Schott da ke Jamus, wanda kusan ba ya buɗewa ko tsukewa. Daga nan aka kai shi Jami'ar Arizona, aka goge fuskarsa har kaushin da ya rage bai wuce nanomita 2 ba. Silin gashi ɗaya ya fi haka kauri sau dubbai.

Hannaye 142

Faɗin madubin mita 4.24 ne, amma kaurinsa milimita 75 kacal. Sirantar tana sa ya huce da wuri, sai dai tana da illa: duk lokacin da na'urar ta karkata tana bin rana, nauyin madubin kan lanƙwasa shi.

Maganin shi ne ƙananan injina 118 da ke tallafe da shi ta baya, da wasu 24 a gefe. Kwamfuta na auna siffarsa, ta umarci kowane inji ya tura ko ya sassauta. Wato ba ƙarfin gilashin ne ke riƙe siffar ba, lissafi ne.

Ina zafin yake zuwa?

Madubin na tara hasken da ya kai kusan kilowat 13 a wuri ɗan ƙarami, zafin da zai iya narka ƙarfe. A daidai wurin aka sa wani zoben ƙarfe da ruwa ke sanyaya shi, yana tare mafi yawan hasken, ya bar kaɗan ya wuce. Bututan sanyaya ginin sun haura kilomita 11, kuma da dare ake haɗa ƙanƙarar da ke taimakawa da rana.

Me ya haɗa wannan da wayarka?

Hotunan farko da aka fitar a Janairun 2020 sun nuna fuskar rana tana tafasa kamar kunu a tukunya, kowane kumfa ya kai girman jihar Texas. Amma ba don kyan hoto aka sha wannan wahalar ba. Guguwar da ke tasowa daga rana kan rikita GPS, ta lalata taurarin ɗan'adam. A Fabrairun 2022 irinta ta jawo asarar taurarin Starlink kusan 40, a 1989 kuma ta jefa lardin Quebec na Kanada cikin duhu na tsawon sa'o'i tara.

Masana na son gane yadda maganaɗisun rana ke haifar da guguwar, domin a riƙa gargaɗi tun kafin ta iso. Hakan ba zai yiwu ba sai madubin ya tsaya cak a siffarsa, komai ƙunar rana.