Hannun da ke fitowa daga akwati

 Yau shirin namu zai leƙa Shikago ta Amurka, inda aka ƙera wata na'urar wasa da sunan fim, ta kuma yi kasuwar da babu irinta.

Ku ƙaddara teburin babifut ne aka ɗan karkata shi, aka rufe da gilashi. Ƙwallon ƙarfe yana gangarowa, ɗan wasa kuma yana danna maɓallai biyu na gefe, wasu ƴan sanduna su make shi ya koma sama. Amurkawa na ce masa pinball, Faransawa su ce flipper. A birnin New York sai da aka haramta shi daga 1942 zuwa 1976, wai caca ce. Wani matashi, Roger Sharpe, shi ya buga wasan a gaban majalisar birnin, ya nuna musu gwaninta ce ke ci. Daga baya shi kamfanin Williams mai ƙera pinball ya ɗora wa aikin nemo izini daga masu finafinai, domin ba a sa suna ko hoton fim a jikin na'ura sai da yarjejeniya da biya.

Fim ɗin da muke magana a kai shi ne The Addams Family, labarin barkwanci na wani gida mai ban tsoro. Ya fito a Nuwamban 1991, na'urar kuma ta biyo baya a Maris ɗin 1992 da tambarin Bally da ke ƙarƙashin Williams. Wata huɗu ba su isa a zana fili, a gwada, a rubuta manhaja, a haɗa wayoyi ba. Ke nan mai zane Pat Lawlor da mai manhaja Larry DeMar sun duƙufa tun ba a san ko fim ɗin zai karɓu ba. Wannan kasada ce babba, tunda kamfanin Orion da ya fara fim ɗin ma ya shiga matsin kuɗi har ya sayar wa Paramount.

To, ga inda abin ya fi burge ni. A fim ɗin akwai wani hannu zalla, ba jiki, mai yawo a gidan. Maƙeran ba su tsaya ga zana shi ba, sai suka ƙera shi. Akwati ya buɗe, hannun ya fito, ya ɗauke ƙwallon da maganaɗisu, ya koma ciki da shi. A ƙarƙashin katakon kuma suka ɓoye wasu maganaɗisun da ke fizgar ƙwallon ta inda ɗan wasa bai zata ba. Akwai ma lokacin da na'urar ke karɓe ƙaramar sanda ta buga da kanta, kuma manhajar tana gyara saitinta daga bugun da ta yi a baya. A 1992 fa, jama'a!

Muryoyin ma ba kwaikwayo ba ne. Taurarin fim ɗin, Raul Julia da Anjelica Huston, su suka naɗi maganganu musamman domin na'urar. Ina ganin a nan mutuncin aikin yake: an nemi izini, an kira masu fuskar, an yi da su. Mu da muke ganin hotunan ƴan fim ɗin Hausa a jikin shaguna da adaidaita, ya dace mu tambaya ko an taɓa tuntuɓar masu hoton.

An ƙera guda 20,270, abin da ya ɗara na na'urar Eight Ball ta 1977 da guda 40 kacal. A 1994 aka ƙara fitar da 1,000 masu adon ruwan zinariya. Shekara biyar bayan nan, a 1999, Williams ya rufe sashen pinball ɗinsa gaba ɗaya, ya mai da hankali kan na'urorin gidajen caca.

Nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu, a huta lafiya.