Kafin a Soka Allura Cikin Mahaifa

Tun da Allah ya hore wa likitocin zamani hanyar sanin wani abu daga halin ɗan tayi alhali yana cikin duhun mahaifa, sai wata mas'ala ta taso wadda kakanninmu ba su taɓa fuskantar irinta ba, domin su abin da suka sani shi ne a jira wata tara, abin da ya zo a karɓe shi da godiya ko da haƙuri. Yau kuwa yakan yiwu likita ya dubi mace mai juna biyu, bayan ya karanta takardar gwajin jininta da ta mijinta, ko kuwa bayan ya ga wani abin da bai kwanta masa a rai ba cikin hoton ciki, ya ce mata akwai gwajin da zai yanke shakka, amma fa sai an soka allura har cikin mahaifa, kuma allurar nan ba ta rasa nata haɗarin. Daga nan nauyin hukunci ya sauka daga wuyan likita ya hau wuyan ma'aurata.

Waɗanda akan yi wa wannan tayi su ne macen da ta ɗauki ciki bayan shekaru sun ja, da wadda ta taɓa haihuwar ɗa mai lalurar gado, da wadda hoton ciki ko gwajin jini ya nuna wata alamar shubuha. Game da shekaru, lalurar da ake kira Down, wadda wani likitan Faransa, Jérôme Lejeune, da abokan aikinsa suka bayyana asalinta a 1959, tana samun kimanin ɗa guda cikin 1,500 idan uwa tana da shekara 20, amma in ta kai 40 sai lissafin ya koma kusan guda cikin 100. To, amma a ƙasarmu babban dalili shi ne amosanin jini, wato sikila, domin kimanin mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da AS, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2006 cewa ana haifar jarirai wajen 150,000 masu cutar a ƙasar kowace shekara. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, wato cutar kanta, kuma kowane ciki da nasa lissafin, ba ruwansa da na baya. Don haka masu cewa tun da na fari ya zo da ita ukun da za su biyo baya sun tsira, sun yi kuskure mabayyani. Dokar gwaji kafin aure da Jihar Kano ta kafa a 2024 tana iya rage abin nan gaba, amma ba ta da abin da za ta ce wa dubban gidajen da aka riga aka ɗaura.

Gwajin iri biyu ne. Na farko, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da CVS, ana yin sa ne tsakanin mako na 11 da na 14, a tsinko ɗan ƙanƙanin nama daga mabiyiya, kasancewar ita da ɗan tayin asalinsu ɗaya; ba a yin sa kafin mako na 10, saboda a 1991 likitoci a Okusfod sun ba da labarin jariran da aka haifa da tawayar yatsu da gaɓoɓi bayan an yi shi da wuri ƙwarai. Na biyun, amniyosentesis, sai daga mako na 15, kuma ruwan faya ake ɗiba. Mace takan kwanta rigingine, a wanke marar da maganin kashe ƙwayoyin cuta, mai hoton ciki ya dafa na'urarsa har ya sami wani lungu inda ruwa ya taru nesa da ɗan tayin, sa'an nan likita ya sa siririyar allura yana kallon tafiyarta a allon na'urar, ya zuƙo ruwa mai launin rawaya-rawaya, abin da bai wuce cokalin cin abinci guda da ɗan ɗori ba, ya zare. Aikin duka bai cika wuce minti goma ba, kafin ta tashi kuma akan nuna mata bugun zuciyar ɗanta. Mata da yawa sukan kwatanta zafin da murɗar mara irin ta al'ada.

Haɗarin da ake tsoro shi ne ɓari. A 1986 wata likita a Danmak, Ann Tabor, da abokan aikinta suka raba mata fiye da 4,600 gida biyu, aka yi wa kashi ɗaya gwajin aka bar ɗayan, sai aka sami ƙarin ɓari kimanin guda cikin ɗari ga waɗanda aka yi wa, kuma wannan adadi ne aka yi shekaru ana faɗa wa mata. Da na'urori suka ƙara kyau, hannaye suka ƙara faɗawa, sai binciken baya-bayan nan ya nuna abin ya ragu, har ƙungiyar likitocin mata ta Ingila take cewa bai kai guda cikin 200 ba a hannun gwani. Sai dai mai karatu ya lura da ƙaidin nan na hannun gwani, gama alƙaluman an samo su ne daga cibiyoyin da suke yin aikin dare da rana, kuma ba adalci ba ne a ara su a yafa wa wanda ke yin sa sau biyu a shekara. Ba rashin ladabi ba ne miji ya ce, "Likita, Allah ya gafarta maka, sau nawa kake yin wannan aiki, kuma ina za a kai ruwan a auna?" Likitan kirki ba zai ji haushin tambayar ba. Haka kuma wajibi ne a san rukunin jinin uwa, domin mai Rhesus nagatif tana bukatar allurar anti-D bayan gwajin, a kuma san matsayinta game da ƙanjamau da ciwon hanta kafin a taɓa ta.

Akwai wata hanya marar haɗari, wadda ta samo asali daga binciken Dennis Lo na 1997, da ya gano cewa ɓurɓushin ƙwayoyin gadon ɗan tayi suna yawo cikin jinin uwarsa. Ana ɗiban jinin hannu kawai daga mako na 10. Tana da ƙarfi wajen tantance lalurar Down, amma zato mai rinjaye take bayarwa ba yaƙini ba, in ta nuna matsala sai an koma ga allura, ga ta kuma da tsada.

A ganina, tambayar da ta fi girman haɗari muhimmanci ita ce wadda mutane suka fi gudun yi wa kansu: in amsa ta zo ba yadda ake so ba, me za a yi da ita? Wannan kuwa kafin allura ake warware shi, ba bayanta ba. Ma'auratan da suka tabbata a zuciyarsu cewa ko mene ne sakamakon za su riƙe cikinsu, kuma abin da suke tsoro sikila ce kaɗai, ya kamata su san cewa ɗigon jini daga dugadugin jariri bayan haihuwa zai ba su wannan amsa ba tare da kasada ba, kuma ba a makara ba, domin alamun cutar ba su cika bayyana ba kafin watannin farko su shige, kuma wani bincike a Amurka ya nuna tun 1986 cewa ba wa irin waɗannan yara fenisilin kullum ya rage musu mugun ciwon da ƙwayar nimoniya ke haddasawa da kashi 84 cikin ɗari. Duk da haka ba zan raina hujjar matar da ta binne 'ya'ya biyu, wadda barci ya ƙaurace wa idonta tun ranar da ta ga ɓatan wata, ta ce ita dai tana so ta sani ba. Natsuwar zuciya maslaha ce, kuma uku cikin huɗu na masu irin halinta albishir suke komawa da shi gida. Haka nan idan hoto ya nuna tawaya a zuciyar ɗan tayi ko cikinsa, sanin asalin abin yakan taimaka a zaɓi asibitin haihuwa, a tanadi likitan jarirai, a shirya dangi.

Amma wanda zuciyarsa ta karkata ga rabuwa da cikin, to, ya shiga fagen da likita ba shi ne mai fatawa ba. Fuƙaha'u sun haɗu a kan haramcin zubar da ciki bayan busa rai, wanda jumhuru suka ƙayyade da kwana 120 bisa hadisin Ibn Mas'ud, sai fa don ceton ran uwa. Kafin wannan wa'adi akwai saɓani: Hanafiyya sun sassauta idan akwai uzuri, alhali mashhurin mazhabar Malikiyya, wadda ita ce tamu, shi ne hani tun daga lokacin da ciki ya tabbata, ko da yake Lakhmi, ɗaya daga cikin malamanta, ya halatta kafin kwana 40. A 1990 Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa ta zauna a Makka ta yanke cewa kafin kwana 120 ya halatta, bisa bukatar iyaye, idan kwamitin amintattun likitoci ya tabbatar da mummunar tawaya wadda ba ta da magani. Ko sikila ta shiga ƙarƙashin wannan siffa, abu ne da ke bukatar nazari, ganin cewa a cikinmu akwai masu ita da suka yi karatu, suka yi aure, suka hayayyafa, kuma gwajin yana faɗin SS ne kawai, ba ya faɗin ko za ta zo da sauƙi ko da tsanani. Ban da wannan ga dokar ƙasa: kundin Final Kod da ke aiki a Arewacin Nijeriya bai yarda da zubar da ciki ba sai don ceton ran mace, ko da yake dokar Nijar ta 2006 ta buɗe ƙofa idan ɗan tayin yana da cuta mai tsananin gaske.

Akwai kuma wani lissafi da yake shige wa mutane duhu. Malamai suna ƙirga kwana 120 daga shigar ciki, likitoci kuwa suna ƙirga makonninsu daga ranar farko ta hailar ƙarshe, tsakaninsu akwai kimanin mako biyu, wato wa'adin malamai yana faɗawa wajen mako na 19 a katin awo. Idan an ɗebi ruwa a mako na 16, sakamakon gaggawa ya fito cikin kwana uku, cikakken kuma ya ɗauki mako biyu zuwa uku, kun ga abin da ya rage kaɗan ne. Ga shi kuwa al'adarmu ta kunya da ɓoyon ciki takan sa mace ba ta zuwa awo sai ciki ya fito fili, lokacin da gwajin farko ya riga ya kuɓuce, na biyun ma yana bakin ƙofa. Ga nisa, domin da yawa sai sun dangana da Legas, inda Gidauniyar Sikila ta Nijeriya take gudanar da wannan gwaji.

Saboda haka ina kira ga duk miji da matar da suka san su biyun AS ne, ko suka taɓa samun ɗa mai lalurar gado, da su zauna su yi wannan magana tun ciki bai shiga ba, su tambayi likita, su tambayi malamin da ya san mas'alar, su yi istihara, kuma kada miji ko uwar miji su yanke hukunci a bayan idon wadda za a soka wa allurar. Da zarar wata ya ɓata, a tafi awo cikin makon nan, kada a jira sai ciki ya yi motsi.