LALLEN GIDA YA FI NA KANTI: KI DASA NAKI KO A FASASSHEN TULU NE

'Yan'uwana 'yanmata, musamman ku na Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa. Yau dai maganar lalle na zo mana da ita, amma ba zanen da ake yayi ba, a'a, ita kanta bishiyar nake nufi, wadda da yawanmu mun sha ƙunshi tun muna 'yan firamare amma ko a hanya muka gamu da ita ba za mu shaida ta ba.

A da can, da wuya ki shiga gidan tsohuwa a yankinmu ba ki tarar da kurmin lalle a bayan ɗaki ko a gefen rijiya ba, wasu kuma har shingen garka suke yi da shi. To yanzu fa? Gidajen sun matse, an dandaɓe tsakar gida da siminti, gonakin nesa kuma kowa ya san halin da ake ciki. Tun kafin a kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, iyaye da yawa sun daina barin 'ya mace ta yi nisa da gari. Shi ya sa na ce mu jawo shukar cikin gida, inda idon Inna ke kanmu, namu idon kuma ke kanta.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne baƙin lallen nan da muke kira dayis. Ki sani 'yar'uwa, babu ganyen lallen da Allah ya halitta mai ba da baƙi wuluk cikin rabin awa. Lallen gaskiya ja yake yi, ya fara da ruwan lemo, bayan kwana biyu ya nuna ya koma ja mai duhu. Baƙin nan kuwa sau da yawa sinadarin rina gashi ne da likitoci ke kira PPD ake zubawa a ciki. Mugun abin ba lallai ya nuna kansa a ranar ba, yana iya yin kwana uku, mako guda, har biyu, sannan ƙaiƙayi ya fara, fata ta ɗuri ruwa ta bi zanen sak kamar an ɗora da wuta. Na taɓa zuwa ganin ɗakin wata amarya, ranar da ya kamata a ce tana miƙa wa ango kofin ruwa tana rangwaɗa, sai ga ta ta dunƙule hannuwa cikin mayafi tana hawaye, furen da aka zana mata duk ya zama ƙuraje. Kuma wadda jikinta ya taɓa ƙin sinadarin nan, to ya ƙi shi ke nan, ko rinin gashi ta shafa bayan shekaru abin na iya tasowa fiye da na farko. In ya same ki, ki wanke da ruwa da sabulu ki nufi asibiti, ki rabu da masu cewa a shafa man goge baki.

To yaya ake dasawa? Da iri ana yi, amma ƙwayar na da taurin kai, sai an jiƙa ta kwanaki ana sauya ruwa kafin ta yarda ta tsiro. Ni dai reshe na fi so. Ki roƙi mai bishiya ta yankar miki wanda ya fara ƙwari, kaurinsa kamar fensirin makaranta, tsawonsa santimita 20 zuwa 25. Ki zage ganyen ƙasa, ki bar biyu ko uku a sama, ki cusa rabinsa cikin ƙasa. Ki dasa uku ko huɗu lokaci guda, don ba duka ne ke kamawa ba. Watan Yuni ya fi, sa'ad da damina ta zauna, iska ta yi laushi. A makonnin farko ki ajiye shi inda rana ba ta dukansa da tsakar rana, kuma don Allah ban da tumɓukewa kullum a duba ko ya yi saiwa! In kin ga sabon toho bayan wata guda ko ɗan fiye, ya kama.

Mazubi kuwa ba sai kin kashe ko kwabo ba. Tsohuwar randa da ta tsage, bokitin fenti, ko jarka mai lita 20 da aka yanke kanta, duk sun isa. Amma fa a nan ne gizo ke saƙa: tilas ki huda gindin mazubin, ki jera tsakuwa ko 'yan katangar tukunya kafin ki zuba ƙasa. Dalili kuwa, lalle ɗan ƙasar zafi ne da fari, ya fi jure ƙishirwa a kan ruwa ya kwanta masa. Mu kuma nan kudancin Katsina Allah ya hore mana ruwan sama fiye da su Daura, ƙasarmu da ke ba da masara da auduga tana da danƙo, tana riƙe laima. In kika ɗebo ta zalla kika cika bokiti, ruwan Agusta kaɗai ya isa ya ruɓar da saiwar. Ki haɗa kashi biyu na ƙasar gona, kashi ɗaya na rairayi, kashi ɗaya na tsohon takin awaki wanda ya riga ya huce. Ɗanyen taki ƙone shuka yake yi, ya kuma gayyato gara. Ki ɗora mazubin kan bulo ko duwatsu don ruwa ya samu hanyar fita.

Da ya kama, ki mayar da shi inda rana ta fi yawa. Ban ruwa sai kin tsoma yatsa kin ji saman ƙasar ya bushe. Lokacin hunturu zai zubar da ganye ya yi kamar ya mutu, kada ki karaya ki jefar, ki rage masa ruwa kawai, da zafin bazara ya shigo za ki ga ya farfaɗo. Ki riƙa datse kansa don ya yi rassa, domin sabon ganyen da ke kan reshe ya fi tsohon kama hannu. Ki yi haƙuri ya shekara kafin ki fara tsinka sosai.

Ga wani abu da ba a cika faɗa ba: furensa. Ƙanana ne farare, a cure kamar tsintsiya, ƙamshinsu da yamma kuwa sai wadda ta shaƙa. A Indiya har turare ake tatsa daga gare shi, can ne kuma garin Sojat yake, wanda lallensa ya yi suna a kasuwannin duniya. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa al'adar lalle cikin kayan gadon 'yan Adam, bisa buƙatar ƙasashen Larabawa 16. Mu da muke da kamu da sa lalle da zunguru tun kaka da kakanni, ai bai kamata a ce sai mun jira garin leda daga waje ba.

In kin tsinko ganyen, ki shanya a inuwa, don rana na kashe ƙarfinsa. Ki daka, ki tankaɗe da rariyar laushi har sau biyu, ki kwaɓa da ruwa da ɗan lemun tsami da sukari kaɗan, ki rufe ya yi 'yan awoyi kafin ki sa. Sai dai ko na gidan ne kada a shafa wa jariri, domin akwai yaran da ake haifa da wata larurar jini mai suna G6PD, lalle na iya fasa musu ƙwayoyin jini har idonsu ya yi shawara. Ƙunshin suna na mai jego ne da 'yan'uwanta, jinjiri a bar shi sai ya yi wayo.